Ƙwayar Da Ta Ɓoye Ciwon Abeke

Don Allah kar wanda ya sake turo min saƙon "Romoke, yaushe za mu sha biki?" Na gaji. Leshin da muka yanko a kasuwar Gbagi yana nan cikin ledarsa a saman akwati, ko tela bai gan shi ba. Na san na ɓace muku babu bayani, to ku gyara zama, yau zan amayar da abin da ke cikina ko na samu sauƙi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Romoke, kwalliyar amare nake yi a nan Ibadan. A Oke-Ado muke, ɗaki biyu da falo a bene na sama, ni da mahaifiyarmu, Maami, da autarmu Abeke mai shekara tara. Babanmu ya rasu tun Abeke tana goye. Akanji kuwa shi ne mutumin da zan aura, yana da kemis a bakin titin Molete. Dogo ne, mai wushirya, irin namijin da ko faɗa kuke yi sai ya tsaya ya tambaye ki ko kin ci abinci. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so. Ku riƙe wannan, don shi ya sa abin ya fi ƙona min rai.

Da ciwon kai Abeke ta fara. Da shi take tashi da safe, ta yi amai, zuwa hantsi ta ware ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta. Muka yi maganin zazzaɓin sauro har muka gaji, aka ce taifot ne, wata maƙwabciya ta ce yawan kallon waya ne. Sai ranar da na zaunar da ita ina gwada sabon gazal a fuskarta, don ita ce 'yar gwajina, na ga idonta na hagu ya karkace ya leƙa wajen hanci.

"Abeke, bar wasa, kalle ni."

"Ai ke nake kallo, Anti. Ku biyu ne ma."

Gazal ɗin ya faɗi daga hannuna.

A babban asibiti aka yi mata hoton ƙwaƙwalwa. Likitar yaran, Dokta Fadeyi, wata gajeriyar mata ce mai furfura, ba ta ɗaga murya, sai kin matso kike jin ta. Ta juyo mana da fuskar kwamfutarta, ta nuna wani farin abu kamar ɓarin goro a can ciki.

Ta ce, "Ina zargin wani irin ciwon daji ne da ake kira limfoma. Ko a manya ba kasafai yake fitowa a ƙwaƙwalwa ba, balle yara. Amma zargi ne kawai. Akwai cututtukan da suke kama da shi a hoto, har tarin fuka yana yin haka, kuma kowanne maganinsa daban. Sai an huda ɗan ƙaramin rami a ƙoƙon kai, an ɗebo abin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba an duba."

Maami ta ɗora hannu biyu a ka. "Rami? A kan ɗiyata? Kwakwa ce?"

"Mama, ƙarami ne, kuma barci za a sa ta."

"Ubanta ma barci aka sa shi."

Gaskiya ne, a ɗakin tiyata Baba ya cika.

Da za mu fita likitar ta riƙe hannuna. Ta ce akwai wata 'yar farar ƙwaya da ake ce wa deksa, kowane kemis yana da ita, kar a kuskura a ba yarinyar. In limfoma ce, ƙwayar za ta narkar da ita na ɗan lokaci ta ɓuya, likitoci su shiga su rasa abin ɗiba, daga baya ta dawo. In ciwon ya tsananta mu kawo ta kawai, kar mu jira ranar da aka ba mu. Ta rubuta mana maganin rage zafi, muka dawo gida jiran ranar da za a yi mata aikin.

A ranar na maimaita wa Akanji maganar nan kalma bayan kalma, muna zaune a motarsa a ƙofar gida. Ya shafa kumatuna ya ce, "Haba Romoke, ni za ki koya wa magani? Na sani."

Na sani. Hmm.

Asabar ɗin da ta biyo ina da biki a Ijebu-Ode, amarya da ƙawayenta, aikin da na karɓa tun da daɗewa. Na so in fasa, Maami ta ce in tafi, zama na ba zai cire ciwon ba. Ina tsakiyar manna wa amarya gashin ido na kira gida da azahar, ba a ɗaga ba. Na sake kira da la'asar, Maami ta ɗauka, muryarta a dashe. Ta ce lafiya lau, Abeke barci take, in yi aikina.

Jama'a, cikin 'yan kwanaki sai ga abin mamaki. Amai ya tsaya. Ido ya koma daidai kamar ba shi ne ya karkace ba. Yarinyar da sai an roƙe ta take shan koko cokali uku, sai ga ta tana cinye malmalar amala da miyar ewedu ta miƙo kwano a ƙara. Ranar nan na dawo na tarar ta ɗaura zanen Maami tana rawa a gaban madubina, ta dambara jan bakina har haɓa. Na rungume ta na yi kuka. Kar in yi muku ƙarya, ni ma na yarda Allah ne ya duba maraicinmu.

Maami ta soya ƙosai roba guda aka raba sadaka a masallacin unguwa. Anti Sidi, yayar Babanmu, ta hawo benenmu tana haki, da jarkar rubutun Alfanta, wato malaminta, a hannu, tana cewa ai ta faɗa, ciwon da likita bai san kansa ba na Alfa ne. Nan take su biyun suka zauna suka yanke ranar da dangin Akanji za su zo gabatarwa, wato gaisuwar neman aure, wai a haɗa murna biyu. Ni da Maami muka shiga Gbagi muka yanko leshi ruwan zuma. Akanji ya riƙa zuwa kullum da yamma da ledar ayaba, Maami tana ce masa "ɗana, ɗana," tana zuba masa naman da ya fi na kowa girma. Na lura ba ya iya haɗa ido da ni sosai, na ɗauka kunyar surukai ce ta fara kama shi. Kun ga wautata?

Ana gobe aiki aka ce mu je a sake hoto. Maami da farko ta ce ba inda za ta, daga baya ta canza shawara, wai gara ta je likitar ta ga ikon Allah da idonta. Ta ci ado kamar mai zuwa suna, shuɗin zanen adire da sarƙar murjani, ta sa wa Abeke rigar Sallah.

Dokta Fadeyi ta daɗe tana kallon hoton. Ɓarin goron nan ya koma kamar ɗigon alli, sai an ƙura ido. Maami tana ta murmushi tana gyara zama. Sai likitar ta bar kwamfutar, ta jawo kujerarta gaban Abeke, ta ɗan taɓa kumatunta.

"Abeke, kin yi kumatu. Me kike ci haka?"

"Komai."

"Yauwa. Wane magani kike sha?"

"Na asibiti." Ta ɗan kalli Maami, ta kalle ni. "Da 'yar farar nan ta Buroda Akanji, wadda Maami take sa min cikin ayaba. Amma an ce kar in faɗa wa Anti."

Ban san fankar ofishin nan tana ƙara ba sai a lokacin.

Likitar ta cire tabarau ta murza idonta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce yanzu in an shiga babu abin da za a ɗebo, kuma ba za ta ɗura wa yarinya maganin daji mai ƙarfi a kan zato ba. Za su ja ruwan bayanta su duba, su duba cikin idonta, ko Allah zai sa a ga wani abu, amma ƙwayar tana share sawu har a can. Abin da ya rage shi ne a rage ƙwayar a hankali, don ba a yanke ta lokaci ɗaya, sannan a riƙa hoto ana jira.

Na ce, "A jira me, likita?"

"Ya dawo."

Maami ta miƙe tsaye. "Likita, da girmanki da furfurarki. Allah ya warkar min da 'ya, ke kina cewa mu zauna jiran ciwo? Da kike cewa abu ne a kanta, ga shi babu. To me kuma?"

"Mama, bai tafi ba. Ɓuya ya yi."

"To ya yi ta ɓuya har ta yi jikoki!"

Muka shiga tasi za mu gida. Ina zaune a gaba, mu biyu a kujera ɗaya da wata mai kwandon barkono, na ciro waya.

Na rubuta wa Akanji: "Ayaba."

Ya amsa nan take: "Wace ayaba kuma, tawa? Kin ci abinci?"

"Abeke ta faɗa. A gaban likita."

Na ga alamar yana rubutu, ya goge. Ya sake, ya goge. Sai kira. Na katse. Ya sake kira, na katse. Na sauke su Maami a gida, ni kuwa ban ko hau sama ba na tare okada, wato ɗan acaɓa, sai Molete.

Da mutane a kemis ɗin, wani tsoho yana jiran maganin hawan jini. Na tsaya gefe har ya sallame su, don duk fushina ba zan zubar masa da mutunci a wurin sana'arsa ba. Yana sauke labulen ƙofa na ce:

"Na faɗa maka ko ban faɗa maka ba?"

"Kin faɗa."

"To kai likita ne?"

"Romoke, zauna."

"Ba zan zauna ba! Mai kemis! Daga sayar da maganin tari sai ka koma gyaran ƙwaƙwalwa?"

Na ga maganar ta soke shi, kuma a lokacin haka nake so. Ya dafa kantar shagon, sannan ya ce a hankali:

"Ke ba kya nan ranar."

"Me ka ce?"

"Kina Ijebu kina shafa wa mutane hoda. Maami ta kira ni da azahar tana ihu. Na tarar da yarinyar nan tana buga kanta da bango, Romoke. Da bango. Tana cewa Buroda cire min, cire min. Na ɗauke ta zan kai mota, Maami ta kwanta a bakin ƙofa ta ce sai dai in taka ta, in aka kai ta yau za su fasa mata kai. Ta riƙe ƙafata, matar da ta haife ki, ta durƙusa min. Me kike so in yi?"

"Ka kira ni!"

"Ki yi me daga Ijebu?"

"To bayan ranar fa? Kullum da ledar ayabarka kana zuwa kana cin naman gidanmu, kana kallona ina yanko leshi, ba ka ce komai ba?"

Ya ce ya yi niyyar sau ɗaya ne, sai ya ga ta tashi tana dariya, Maami kuma ta ce in ya faɗa min ba ita ba shi. Ya ce shi ma ya fara sa ran ko likitar ce ta yi kuskure.

Abin da ya fi ba ni haushi, na gane shi. Da ni ce a ɗakin nan ban san me zan yi ba. Amma gane mutum daban, yafe masa daban. Na ce masa babu gabatarwa, babu komai, sai ranar da ƙwayar nan ta bar gidanmu, na fito.

A gida na tarar Maami ta riga ta kira Anti Sidi. Tana zaune a doguwar kujera ta baje, tana fifita da murfin kwali. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba.

"Romoke, shekararki nawa?"

"Ashirin da takwas, Anti."

"Ashirin da takwas. Sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina yawo da akwatin hoda. Allah ya ba ki miji mai hankali, ya tsaya wa ƙanwarki lokacin da kike wajen rawa, sakayyarsa ki je har shagonsa ki yi masa tijara? An sanar da dangi, 'yan uwa na Iseyin sun sayi anko, ki ce kin fasa? Da bakin wa za a faɗa?"

"Anti, likita ta ce ciwon yana nan."

"Likita Allah ce?"

Maami daga kicin ta ɗago murya: "Bar ta, Anti mi. So take ƙanwarta ta koma kwance don a ce ita ce mai gaskiya."

Wannan maganar har yau tana min zafi a ƙirji. Ni da na yi goyon Abeke har bayana ya yi kanta. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na danna fuska cikin filo don kar yarinyar ta ji.

Aka ja ruwan bayan, aka duba idon, ba a ga komai ba, kamar yadda likitar ta ce. Maami ta ƙara samun abin faɗa. Tsarin rage ƙwayar da aka ba mu kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Na bincike gidan nan kaf, cikin tukwane, ƙarƙashin katifa, gwangwanin madara, ban samu ba. Ashe a bakin zaninta take ƙulle da ita, da ita take kwana.

Ana cikin haka ranar wata Lahadi sai ga Akanji, babu ledar ayaba. Ya sa farar rigar buba da hula, ya shigo falo ya kwanta rub da ciki a gaban Maami, ya ƙi tashi.

"Tashi mana, ɗana."

"Maami, ba zan tashi ba sai na faɗi abin da ya kawo ni. Na je na ga likitar. Na yi kuskure, kuma na ja ki cikinsa. Daga yau ba zan ƙara kawo ƙwayar nan ba. Wadda ta rage a ba Romoke, ita za ta riƙa bayarwa yadda aka tsara har a daina."

Na ga fuskar Maami ta canza kamar an ɗauke wuta.

"Au, ta juya ka?"

"Ba ita ba ce, Maami."

"Tun ba a ɗaura ba ta mayar da kai bawa. To ji nan. In ɗiyata ta sake kwanciya, kai da wannan," ta nuna ni da leɓe, "ku ne. Tashi ka bar min gida. Gabatarwar ma ni na fasa, ba ita ba."

Ta kwance bakin zani ta jefa min ƙwayoyin a cinya. Kun ji fa. Lokacin da ya yi ɓarna shi ne ɗana, ranar da ya yi daidai aka kore shi. Ni kuma ina tsaye, rabin zuciyata tana so in bi shi matattakala, rabi tana cewa ai shi ya jawo.

Ban taɓa sanin jira yana da nauyi haka ba. Ƙwaya ta ƙare, kumatun Abeke suka fara saɓewa, ta koma makaranta. Ni kuwa kullum da safe kafin in yi mata sannu sai na leƙa idonta. Ta gane, har ta fara tsokanata, tana karkata idon da gangan ta fashe da dariya. Ranar da na daka mata tsawa a kan haka ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba. In ta tashi lafiya in ji daɗi, in kuma ji tsoro, don na san abin yana can yana tara ƙarfi. Addu'a ma na rasa wacce zan yi. In ce Allah ya dawo da shi da wuri? A kan ƙanwata? Maami ba ta yi min magana sai ta dole, abinci ma sai dai in tarar an rufe min a kwano. A unguwa har an fara cewa 'yar Iya Romoke ta kori miji saboda taurin kai. Akanji kuma kullum saƙo ɗaya: "Ya jikinta? Ke fa?" Ina amsa na farkon, in bar na biyun.

Ranar da ciwon ya dawo, da safe ne, ina goge kayan kwalliyata. Na ji kofi ya faɗi a falo. Na fito na ga koko ya malale a ƙasa, Abeke tana kallon hannunta na hagu kamar ba nata ba. Sai amai. Sai ta kama kai ta durƙushe ta fara wannan kukan da ban taɓa ji ba, wanda Akanji ya ba ni labari. Wallahi da na ji shi da kunnena sai da na nemi gafarar Allah a kan rabin abin da na faɗa masa.

Na kira Dokta Fadeyi, ta ce mu taho yanzu, kar a ba ta komai. Na kira Akanji, kafin in gama magana ya ce ga shi nan. Na shiga ɗaki ɗauko zani da takardun asibiti, ina fitowa na ga Maami a durƙushe gaban yarinyar, da kofin ruwa a hannu ɗaya, ɗayan tafin a buɗe. 'Yar farar ƙwaya. Ashe ta je wani kemis ɗin ta sayo ta ajiye.

"Maami, kar ki yi."

"Ba kya jin ta ne?"

"Ina ji. Maami, don darajar Baba."

"Kar ki kira min sunansa! Shi ma ku kuka ce a kai shi!"

Na riƙe wuyan hannunta, ta fizge. Ban taɓa kokawa da mahaifiyata ba sai ranar. Muna haka Akanji ya shigo da gudu ko sallama babu. Ya dubi hannun Maami, ya durƙusa kusa da ita.

"Maami, ni ma haka na tsaya da ita a tafina ranar nan. Na bayar don kukan ya tsaya, ya kuma tsaya. Ga shi yau. In kin ba ta zai sake tsayawa, ya sake dawowa, har ranar da za ki ba ta ta ƙi yin komai. Ranar ba mu da ƙwaya, ba mu da likita."

Hawaye suna zuba a fuskarta, ta dube shi, ta dube ni. "To ku rantse min za ta fito daga ɗakin nan da rai."

Ya sunkuyar da kai. "Ba zan iya ba, Maami."

Na ce, "Ba wanda zai iya."

Abeke ta sake ƙwalla ƙara. Maami ta rufe ido, leɓenta yana motsi. Sai ta miƙa hannu ta zura ƙwayar a aljihun rigar Akanji.

"Ɗauke ta. Amma kar ka yi min magana a hanya."

Hoto ya nuna abin ya dawo har ya ɗan fi da. Washegari aka shiga da ita. Wuri kaɗan aka aske a gefen kanta. Maami ta shimfiɗa ɗankwalinta a barandar asibiti ta yi ta salla, ni ina ta kai da komowa, Akanji yana can ƙarshen baranda a tsaye kamar wanda aka sa kama kunne. Da aka turo ta tana numfashi, ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji, Maami ta zube ƙasa ta yi sujada a kan siminti.

Ga abin da zai ba ku dariya ko haushi. Da yamma nas ta zo da allura, Maami ta tambaya ta mece ce. Nas ta ce deksa ce, don kumburin ya sauka.

Maami ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. "Deksa? Ita dai? Wadda kika kusa karya min hannu a kanta?"

Dokta Fadeyi da ke bakin gado ta ce, "Mama, maganin ba maƙiyi ba ne. Lokacinsa ne bai yi ba a da."

"Ku dai kuka sani," in ji Maami. Har yau in muka yi saɓani sai ta jawo maganar.

Sakamako ya fito, limfoma ce. Likitar ta ce ba za ta yi mana alkawari ba, amma yara sun fi manya samun nasara a kanta, kuma za su guje wa gasa kan da na'ura saboda ƙwaƙwalwar tana kan girma. Magani ne ta jijiya, zagaye bayan zagaye, na watanni. Yanzu haka a gefen gadonta nake rubuta muku wannan. Ledar maganin tana rataye, ruwan ɗorawa shar kamar an jiƙa kurkum. Bayansa sai ƙarin ruwa ba dare ba rana don a wanke ƙoda, ana auna fitsari, ana ɗiban jini, ga wani maganin da ake bi da shi don ya kare jikin daga zafin na farkon. Bakinta ya yi gyambo, amalar da take so ko ƙamshinta ba ta son ji. Gashi ya fara bin matashi. Jiya ta ce in zana mata gira kafin nata su gudu, na zana mata, ta kalli madubi ta ce na iya aiki amma na cika tsada. Hannun hagun ya fara riƙe cokali.

Akanji kullum yana zuwa, iyakarsa bakin ƙofar ɗakin. Maami ba ta amsa gaisuwarsa, amma na lura kular abincin da yake kawowa ba ta komawa da komai a ciki. Ni ma dai na fara amsa rabin saƙon nan na biyu. Kar ku yi min dariya.

Na ɗauka mun fara numfasawa kenan. Sai ɗazu da hantsi wayata ta yi ƙara, saƙon Akanji ne.

"Alhaja tana hawowa. Ban san za ta zo ba. Duk abin da ta faɗa kar ki amsa, ina hanya."

Alhaja mahaifiyarsa ce. Tun da aka kwantar da mu ba ta taɓa leƙowa ba. Ta shigo cikin farin leshi, turarenta ya riga ta, haƙorin Makka yana walƙiya. Na zube gwiwa biyu na gaishe ta. Ta yi wa Maami sannu, ta tsaya nesa da gadon, jakarta a ƙirji. Ta daɗe tana kallon gashin da ke kan matashin.

"Iya Romoke, Allah ya ba da lafiya. Ni ba zama na zo yi ba." Ta rage murya, amma ba yadda Abeke ba za ta ji ba. "An ce daji ne. An kuma ce mahaifinsu ma a asibiti ya tafi. Kin san mu a gidanmu ana tambaya kafin a haɗa jini. Akanji shi kaɗai gare ni namiji."

Na buɗe baki in ce likita ta faɗa ciwon ba daga iyaye ake gadonsa ba, sai Abeke ta jawo zani ta rufe kanta.

Maami ta ajiye cokalin da ke hannunta a hankali. Matar nan da ta kori Akanji da bakinta, wadda ko sunansa ba ta yarda a kira a gabanta. Ta miƙe, ta zare ɗankwalin kanta, ta ɗaure shi tamau a ƙugu.

"Romoke, riƙe hannun ƙanwarki, kar allurar ta goce."

Ta juya ta buɗe ƙofa.

"Alhaja, bismillah. Mu je waje, a nan akwai marasa lafiya."